Ishaya, Wanda Ya Kafa Injin Gidan Tanko da Siminti

Kullum kafin ma'aikatan masaƙa su gama wucewa ta Makera zuwa Kakuri, Baba Ishaya ya riga ya buɗe rumfarsa. Zai share ƙasa, ya jera sifanunsa a kan buhu, ya yi gajeriyar addu'a, sannan ya zauna jiran masu injin niƙa. Wannan ya zo da bel ya tsinke, wancan faranti ya cinye, shi kuwa ya gyara yana yi musu faɗa sun bar inji ba baƙin mai. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin hannu ya fara rawa, ido kuma ya yi rauni. Ba wanda zai shirya masa walima, to, bari a faɗi abin da ya yi tun yana da rai.

Bayan an rage ma'aikata a masaƙa, shi ma abin ya shafe shi, ya buɗe rumfar nan. A 1987 aka shelanta cewa gwamnati za ta tallafa wa ƙananan sana'o'i a ƙauyukan kan iyaka, waɗanda wannan ƙaramar hukuma ke cewa ba nata ba ne, waccan ma ta ce ba ruwanta. Tallafin shi ne injin niƙa ga matan kowane ƙauye. Wani ofishi ya ɗauki Ishaya a matsayin makanike. Aikinsa ya riga kowa zuwa da injin, ya girka shi a kan katako, ranar biki kuma ya tayar da shi gaban manyan baƙi. Jami'in da ke kula da rabon sunansa Mista Wilson, mai farin takalmi da daɗin baki.

A ƙauye na farko an yi jawabi, an ɗauki hoto, mata sun yi guɗa. Baƙi na juya baya, Wilson ya sa leburori suka mayar da injin mota, wai za a yi masa sabis a dawo da shi. Sabon inji da sabis! A ƙauye na biyu injin nan dai aka kawo, an canza masa fenti daga kore zuwa shuɗi, aka sake yin wannan wasan. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Inji ɗaya tal ake yawo da shi, sauran kuwa Allah ne ya san gidan da suka shiga. Ishaya ya gani ya yi shiru, saboda yana da yara a makaranta.

Ana nan sai wata mata daga ƙauyen farko, Ruth, ta neme shi har rumfa, da ƙurar hanya a ƙafafunta.

"Baba, yaushe za a dawo mana da injinmu? Mun gina masa ɗaki da hannunmu, har mun yi rufi."

Ishaya ya ce, "Maganar tana hannun oga."

"Mu ba mu san oga ba. Kai muka sani. Kai ka tayar da shi da hannunka, muka yi maka guɗa."

Lokacin yana gina ɗaki a filinsa na Romi, ya tara 'yan buhunan siminti da ƙyar. Da aka ce ya kai injin ƙauye na uku, Gidan Tanko, sai ya kwashe buhunan ya zuba a mota. Matarsa Martha ta tare ƙofa.

"Maigida, simintin ɗakinmu fa! Haya za mu ci gaba da zama har mu mutu?"

"Martha, bar ni. Na gaji da zama ɗan kallon sata."

Gidan Tanko na bayan wani rafi da ke raba su da duniya duk damina. Mota ta tsaya a bakin ruwa, maza suka ƙetare da injin, mata suka ɗauki siminti a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar itace. Ishaya ya jefar da katakon gefe. Ya haƙa rami, ya nutsa ƙafafun injin a ciki da rodi, ya zuba kankare, ya bi sama da ƙasa ya lulluɓe. Kafin ranar biki ya bushe ƙam.

Ranar ta zo, aka yi jawabi, Ishaya ya murɗa hannun inji, garin masara ya zubo, mata suka yi guɗa. Babban baƙo na can ƙarƙashin mangwaro yana shan ruwa lokacin da Wilson ya ƙifta wa leburori ido. Suka kama, suka yi nishi, inji ko motsi. Wilson ya shure ƙasar da farin takalminsa, ya ga kankare.

Ya matso yana magana ƙasa-ƙasa. "Ishaya, wane ne ya sa ka wannan aikin?"

Ishaya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Oga, ai ku kuka ce an ba su. Abin da aka ba mutum, kafa masa shi ake yi. In sabis ne, ni zan riƙa zuwa."

Wilson ya yi dariyar yaƙe, ya tafa hannu tare da jama'a, don ba shi da yadda zai yi. Amma azzalumi ba ya mantuwa. Cikin makon aka kama Ishaya, wai ya lalata kayan gwamnati. Ya kwana a bayan kanta, aka riƙe kayan aikinsa, ofishin bai sake kiransa ba. Wanda ya yi yawo da inji yana yaudarar mata kuwa an yi masa ƙarin girma. Wannan abu da ciwo yake, kuma duk wanda ya sani ya yi shiru yana da nasa kason alhakin.

Kai ne, Ishaya, ka ba da ɗakinka don wasu su samu abinci. Kai ne kake ƙetare rafin nan da keke a kafaɗa ka je ka canza musu bel. Maƙi-gudu, mai kafa abu ya kafu! Yau matan Gidan Tanko suna niƙa wa ƙauyukan kewaye, suna kai gari kasuwar Kakuri, ginin Romi kuwa yana nan ciyawa ta cinye shi, Martha na haya.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya ba Martha ladan haƙuri. Ku kuma direbobi, leburori, masinjoji da makanikai, da hannunku ake ɗaukar kayan talaka a mayar mota. Ɓarawo mai farin takalmi ba ya iya ɗaga inji shi kaɗai. In an aike ku kai wa mutane haƙƙinsu, ku kai shi yadda ba zai ɗauku ba.

Da matan Gidan Tanko suka ji zai rufe rumfa, suka kawo masa doya da kaji. Ya karɓa, amma ya ƙi yabon.

Ya ce, "A ƙauye ɗaya na kafa. A biyu da hannuna na tayar, ina kallo aka ɗauke. Ku je ku ga ɗakin da su Ruth suka gina, awaki ke kwana a ciki, ita kuwa har yau daka take yi a turmi."