Ƙazwar Baban Gwanjo

Baban Gwanjo ake ce masa, don tun yana saurayi yake sayar da tsofaffin kwat a bakin titi. Ba ya sayar da riga sai ya zura ta a jikinsa, ya juya gaban mai saye yana taƙama kamar ango. Da matarsa ta rasu, ɗansa ya ɗauko shi ya ba shi ɗakin da ke bakin ƙofar gida. Ɗaki mai kyau, har da fanka. Abinci ma ba ya yankewa: a ajiye, a ƙwanƙwasa, a wuce.

Ƙaiƙayi ya fara masa a tsakanin yatsu, ya bi wuyan hannu har ƙugu. A ɗakin gwaji na asibiti, ma'aikaciyar ta sa safar hannu, ta ɗiga mai a kan wani siririn layi a fatarsa, ta kankare da reza, ta shafa a gilashi. Ta daɗe tana leƙen madubinta mai ƙara girman abu.

"Baba, ƙazwa ce. Ga ƙwaron nan har da ƙwai, ya tare abinsa. Ciwon nan jiki da jiki yake bi. Mai riƙe hannunka, mai hawa cinyarka, duk a kawo su."

Ya tuna jikarsa, 'yar mitsitsiyar da yake tsokana da kiranta amaryarsa.

"Ai kowa ne, 'yata," ya ce, har da ɗan alfahari. "Gidanmu cike yake."

Ya koma gida yana roƙon Allah kada ya zama ya shafa wa yarinyar. Washegari suka zo asibitin: ɗan nasa yana duba agogo, surukar tana duba yatsunta, yarinyar tana tsalle-tsalle. Shi ya zauna a benci a waje, hannuwa cikin aljihu, kunya ta ishe shi.

Ma'aikaciyar ta fito da fara'a.

"Kwantar da hankalinka, Baba. Ko ƙurji ɗaya ban gani ba. Za su shafa magani dai don rigakafi. Wata da watanni kana susa a gida ɗaya, amma ko 'yar nan ba ta ɗauka ba. Ikon Allah!"

"Alhamdu lillahi," ya ce, kuma har zuciyarsa ya faɗa.

Sai dai murnar ba ta zauna ba. Yana nan a bencin yana laluben ranar ƙarshe da wani a gidan ya taɓa shi. Bai samo ba.