Mai Kwashe Yashi Kafin Hadari

A wurin tace ruwan datti na wata masana'anta nake kallonsa, dogo siriri, da takalmin roba har gwiwa. Ya gicciya shebur a kafaɗu kamar sandar kiwo. Ina jin cikin shanu ya tashi. Aikinsa kwashe yashi da tsakuwa daga kwata kafin su kai ga injin su cinye shi.

Hadari ya taso daga wajen garin Zungur. Yana zura hannu cikin baƙin ruwan, ba ko safar hannu, kunnensa na kan injin da ya fara gurnani.

"Malam Abdulbaƙi, kashe shi!" ya ƙwala wa mai kula da injin kira.

"Oga bai ce ba," in ji Malam Abdulbaƙi.

 Mai kwashe yashin ya dira cikin kwatar, ruwa iya ƙugu, yana kwasa. Ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a ƙeyarsa.