Yaya Hajo da Barewarta

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da rasuwar yayata Hajo, amma har yau in na ga an ɗora dabba marar lafiya a bayan mota sai in tuna wata tafiya da muka yi da ita cikin shekarun alif ɗari tara da sittin.

A wani ƙauyen Hausawa muke, kusa da garin Dinder, a ƙasar da Larabci ne harshen hukuma da kasuwa. Mijin Hajo ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidanmu ta zama mace marar magana. Wani makiyayi ne ya kawo mata 'yar barewa da ya tsinta a daji, ta raine ta da nonon akuya. Mutane suna mata dariya, ni ne kan gaba, ina cewa ta bari ta yi ƙiba mu ji ko romonta da daɗi. Amma na sani sarai, da barewar nan kaɗai Hajo take hira har a ji dariyarta.

Rannan sai barewa ta daina cin abinci. Kwana uku ciki yana kumbura, idanu suna shigewa. Malamin dabbobi mai yi wa shanu allura ya taɓa cikin, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya rubuta mana takarda zuwa babban asibitin dabbobi na birni, inda akwai likita mai yin tiyata. Muka shiga lori da sassafe zuwa Sinnar, daga can muka sake wata. Hajo ta lulluɓe barewar da mayafinta. Duk ramin da mota ta faɗa sai na saci kallon haƙarƙarinta in ga ko tana numfashi. Tsoro nake ji ƙwarai, ba don dabbar kaɗai ba. Ban san me zai rage na yayata ba in muka koma hannu wofi.

A farfajiyar asibitin mun tarar da dawaki da shanun attajirai. Wani ma'aikaci Balarabe yana bin mutane yana ware waɗanda ciwonsu ya tsananta, a fara shigar da su. Da ya iso gare mu ya tambayi jikin barewar. Hajo ba ta magana da baƙon namiji, don haka ni ne tafinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ni kuma na juya masa da Larabci yadda ta faɗa, ban rage ba, ban ƙara ba.

Haka aka raine mu. Ko mutum yana gargara, in aka tambaye ka sai ka ce da sauƙi, don faɗin akasin haka kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Balaraben bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne. Ya nuna mana ƙarshen layi.

Muka zauna har azahar ta gota. Barewar ta daina ɗaga kai, kunnuwanta suka yi sanyi. Ni da nake taƙama da Larabci na kasa tashi, ina jin kunyar in koma in ƙaryata bakina. Sai Hajo ta miƙe da ita a hannu, ta ratsa tsakiyar mazan nan har ƙofar likita, ni ina bin ta a guje.

"Shehu, gaya mai ƙarya niy yi," in ji ta. "Babu sauƙi. Kwana ukku ba ta ci ba, mutuwa takai. Kuma ita ɗai gare ni."

Ban gama fassarawa ba likitan ya karɓi barewar. Bayan wani lokaci mai tsawo ya fito da zaren buhun auduga da ya ciro daga cikinta, ya kai girman dunƙulen hannu, ya ce da mun ƙara jira kaɗan da sai dai haƙuri. Barewar ta ƙara shekara huɗu tana cinye mana ganyen kuɓewa.

Yau jikokina da waya suke ɗaukar hoton akuya su aika wa likita, su yi masa bayani da Larabcin da ya fi Hausarsu kyau. Ina jin da Hajo ta gani za ta taɓe baki ta ce sun cika ƙorafi, sannan ta karɓi wayar ta ƙara abin da suka manta. Don tun daga ranar asibitin nan ta sauya. In ta je dubiya aka ce mata da sauƙi, sai ta gyara zama ta ce, "To, mun gode Allah. Yanzu gaya min inda ka ciwo."

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gona ba. Wannan tambayar ta bari, kuma matan gidanmu har yau suna yin ta. Ni kuwa abin da ta bar min ya fi haka. A ciwonta na ƙarshe na leƙa ɗakinta da safe, na riga na ɗaura kayana zan tafi tsinkar auduga a gonakin Gezira na wata biyu. Na tambaye ta jiki daga bakin ƙofa, ina jiran amsar da kowa yake bayarwa in kama hanya. Ta dube ni ta ce, "Babu sauƙi, Shehu. Aje kayanka."

Na ajiye. Kwana biyar na samu a gefenta.