Yadda Bi Kazija Ta Hana a Yanka Kibonge

Duk wanda ya kwana biyu a ƙauyenmu, nan gabashin tsibirin Unguja, ya san Bi Kazija. Ko bai ga fuskarta ba ya ji muryarta. 'Yar guntuwar mata ce baƙa, ƙafafunta duk sun tsage da ruwan gishiri, amma in tana faɗa a bakin teku har masallaci ana jin ta. Tun tana ƙarama take bin uwarta gonar ciyawar teku, ta zauna dirshan cikin ruwa tana ɗaure tsirrai a igiya har fatar hannunta ta yi yaushi. Makaranta leƙawa kawai ta yi. Ta auri Pandu mai amalanke, suka haifi mata uku, duk sun yi aure can cikin birni. Bara da damina Pandu ya kwanta ciwon ƙirji bai tashi ba. Ya bar mata ɗaki, da amalanke mai tayar mota, da wani ƙaton farin sa mai tozo, sunansa Kibonge.

To a garinmu mace ba ta tuƙa amalanke. Ba wanda ya hana, ba a dai yi ne. Sai Kibonge ya koma zaman banza a gindin mangwaro, yana ci yana ƙiba yana zuba kashi. Shi kuwa Vuai, ƙanin marigayi, zai aurar da 'yarsa, kuma duk sanda ya wuce ya kalli san nan, wallahi shinkafa da nama kawai yake gani.

"Matar yaya, wannan fa gado ne," in ji shi rannan, yana shafa tumbi. "Ni ma ina da rabo a jikinsa."

"Rabonka wutsiya. Kawo wuƙa ka cire ka ba ni wuri."

"Dabba ba ta aikin komai sai ci?"

"Kai aikin me kake yi? An yanka ka ne?"

Magana ta kai gaban Mzee Jecha, baffansu Pandu, tsoho mai ido ɗaya. Ya saurare su duka, sannan ya ce, "In san nan yana aiki yana ciyar da gidan marigayi, ba mai taɓa shi. In kuwa biki ya zo yana zaune, a kai shi tukunya."

Bi Kazija ta tashi ta ɗaure zanenta tamau. Washegari ta ɗaura wa Kibonge amalanke da hannunta, maza na zaune a shagon shayi suna kallo suna ƙyaƙyata dariya. Ta je wajen magina ta ce za ta kwaso musu yashi. Suka ce tipa na kawowa. Ta je wajen masu kifi, suka ce babur ya fi sauri. Ta je wajen mai itace, ya ce, "Bi Kazija, in kin faɗo kin karye me zan ce wa mutane?" Ta ce, "Ka ce musu ba ƙafarka ba ce." Duk da haka bai ba ta ba.

Tekunmu in ya janye tafiya yake kamar ba zai dawo ba. Sai farin yashi da 'yan kududdufai har inda ido ya ƙare, ruwan yana can nesa kamar zare. A can gonakinmu suke. Baƙin otal masu jini a jika sukan bi shi da gudu, su ɗaura igiyar wata irin ƙatuwar lema a ƙugu iska ta yi ta jan su. Tsofaffi da yara kuwa a nan ake jibge su bakin yashi kamar kayan wanki. Bi Kazija ta daɗe tana wuce su ba ta kula ba, sai ranar da ta dawo daga wajen mai itace ranta a ɓace. Ta ga wata tsohuwar Baturiya zaune kan kujera, ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu a gefenta, ta kafa wa ruwan nan na nesa ido. Jikokinta biyu, mace da namiji, suna kwance a ƙasa suna rigima kan waya.

Ta ja igiya, Kibonge ya tsaya. Kafin ta buɗe baki mai gadin otal ya taso.

"Bi Kazija, don Allah ja dabbar nan gaba. Zai yi mana kashi a gaban baƙi."

"Su baƙin ba sa yi ne?"

Ya kore ta. Ta tafi gida, ta wanke amalanke da sabulu har sau biyu, ta ɗauko katifar gadonta ta shimfiɗa a ciki, ta jera matasai, ta kafa sanduna ta ɗaura sabon zanenta a sama don inuwa. Ta wanke Kibonge shi ma, har da goge masa ƙaho da man kwakwa. Kashegari ta dawo. Mai gadi ya sake kora. Ta sake dawowa. Ranar da ya gaji ya ce, "Ke dai ba kya jin magana," ta ce, "Ina ji, ba na bi ne. Zo ka yi min tafinta."

Tsohuwar 'yar ƙasar Folan ce, Halina sunanta, mu dai Bibi muke ce mata, wato kaka. 'Yarta, uwar yaran, wata doguwa mai jan hanci, tana jin bayanin mai gadi ta hau girgiza kai. Wai hatsari, wai ƙazanta, wai mamanta ba ta da ƙwarin ƙashi. Tana cikin surutu Bibi ta miƙe da ƙarfenta, ta taka a hankali har gaban Kibonge. Ta ɗaga masa leɓe ta duba haƙora, ta danna tozo, ta daka masa duka a wuya irin na wanda ya san shanu. Ashe a gona ta tashi. Ta juyo ta yi wa 'yarta wata gajeriyar magana da yarensu. Ba mu san me ta ce ba, amma jan hancin ya ƙara ja, kuma ta matsa gefe ta ba da hanya.

Bi Kazija da mai gadi suka cicciɓi Bibi suka ɗora kan katifa, yara suka haye, aka kama hanya.

Tafiya ta yi daɗi. Kibonge na takawa kamar ango, tayoyi na fantsama ruwa. Duk kududdufin da suka iso sai ta tsaya ta sauke yaran. Ta nuna musu ƙaguwa mai shiga gidan katantanwa, ta ɗago musu wannan jan abu mai hannu biyar kamar tauraro, ta bari suka shafa, ta sa suka mayar da shi ruwa. Wani abu mai baƙar ƙaya kuwa ta nuna shi, ta nuna ƙafarta, ta yi ihu tana ɗingishi. Nan take suka gane, suka yi ta kwaikwayonta. A gona matan garinmu suka kewaye su, suka ba yaran igiya suna koyon ɗauri. Yarinyar ta iya, yaron ya cusa ciyawa a baki ya tofar.

Daga nan Bi Kazija ta kora Kibonge cikin ruwa har ya kai rabin taya, ta zaunar da Bibi a bakin amalanke, ta cire mata takalma, ta saka ƙafafunta a teku. Tsohuwa ta rufe ido. Ta fara wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ta yi shiru, ta sake farawa.

A nan Bi Kazija ta yi wauta. Ta ga ruwa ya juyo. Ta ga mata sun fara ɗora buhuna a ka suna tafiya. Har wata ta ce, "Kazija, ba ki gani ne?" Ta gani sarai. Amma mu a garinmu yaro ba ya ce wa tsoho tashi. Ko gobara ake sai ka kewaya ka kewaya. Matar da ke zagin maza a shagon shayi, sai ga ta tsaye tana murza hannu, tana tari, tana kallon sama, tana jiran tsohuwa ta buɗe ido don kanta. Kafin Bibi ta buɗe, ba kowa a gona sai su.

Suka juyo. Ruwa na bin su a baya yana lasar taya, amma da sauran lokaci in an yi sauri. Sai Kibonge ya iso wajen tarin duwatsu na farko ya ja birki.

Duk hanyar nan cike take da irin wannan tari. Mata ke binne ɓawon kwakwa a yashi su danne da duwatsu, ya yi watanni ya yi laushi, a tono a daka a yi igiya. Bi Kazija ta ja, ya ƙi. Ta tura, ya ƙi. Ta lallashe shi, ta zage shi, ta zagi uwar da ta haife shi. Ya tsaya yana tuƙa yana kaɗa wutsiya. Ruwa ya wuce idon sawu.

Can sai ga Vuai yana ratso ruwa da sanda, ya tattare zanensa har cinya. Tun ɗazu yana bakin gaɓa da 'yan shagon shayi suna kallo. Mugun baki gare shi, amma ba zai bar yara su nutse ba.

"Kin gani ko? Kin kwaso mana 'ya'yan mutane za ki kashe! Matsa in zane shi."

"Ka taɓa shi in zane ka."

"To zauna, mahaukaciya!"

Ya gaji da gudu, numfashi na neman ƙwace masa, ya faɗa kan bayan amalanke, tim! Amalanke ya girgiza. Kibonge ya ɗaga kai ya kama tafiya abinsa.

Bi Kazija ta tsaya baki buɗe. Sai yanzu ta tuna. Shekara da shekaru Pandu na fita da amalanke ba kaya, sai a dawowa yake tsayawa a kowane tari ya ɗora wa mata ɓawonsu. San nan ba ya ɗagawa sai ya ji an jefa kaya. Ita ba ta taɓa bin su ba, tana gona.

Tari na biyu, ya sake tsayawa. Vuai ya diro ya kai hannu zai ɗauki dutse daga tarin.

"Ajiye! Na Bi Mboja ne. Kana so ta yi shekara tana zagina a rijiya?"

Gaskiyarta. A garinmu gara ka taɓa kazar mace da ka taɓa tarinta.

"To me za a ɗora?"

Ta kalle shi daga sama har ƙasa. "Kai."

"Ni? Ni ne kayan?"

"Allah ya ba ka tumbin nan don wata rana. Yau ce. Hau!"

Ya kalli ruwa, ya kai masa ƙwauri. Ya kalli yaran. Ya ja da baya ya yi tsalle, tim! Kibonge ya tafi. Haka aka yi ta yi. Kowane tari sa ya tsaya, Vuai ya sauka, ya ja da baya, ya faɗo. Yaran da suka fara tsorata sai suka ɗauka wasa ne aka shirya musu, suna tafi suna ihu, suna nuna masa tari na gaba tun kafin a iso. Bibi ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye. Vuai na haki yana cewa, "Wallahi sai na ci hantarsa. Ni da kaina zan gasa." Bi Kazija na gaba riƙe da igiya, ruwa har ƙugunta don gajarta, ba ta ko waiwaya, sai dai, "Kaya, a hau!"

Da suka taka busasshen yashi rabin gari na tsaye. Uwar yaran ta rugo ta rungume 'ya'yanta tana zazzaga masifa da yarenta. Bi Kazija ba ta jira tafinta ba, ta sunkuyar da kai, don ta san ta yi laifi. Ta sa mai gadi ya ce mata ta yi haƙuri, ruwa ta gani ta ji kunyar tayar da babba, ba za ta ƙara ba. Matar ta ja yaranta ta shige otal ko kallonta ba ta yi ba. Aka shigar da Bibi. Ba wanda ya ba Bi Kazija ko sisi.

Vuai ya zarce wajen Mzee Jecha jiƙe sharkaf. "Baffa, ka dai ji. Wannan aiki ne? Saura kaɗan ta jawo mana 'yan sanda."

Tsoho ya ce, "Aikin da ba a sake kiran mai shi ba, ba aiki ba ne. Mu ga gobe."

Bi Kazija ta shanya katifarta a kan katanga, ta ɗauko buhun shinkafa ta cika shi da yashi rabi, daidai wanda yara biyu za su iya ɗagawa, ta ɗinke baki, don a riƙa jefa shi cikin amalanke a kowane tari maimakon Vuai. Da safe ta sake wanke Kibonge. Maƙwabciyarta ta leƙo ta ce, "Ke ba ki da zuciya? Bayan abin jiya?" Ta ce, "Da ita zan je."

Tana isa ta tarar da Bibi zaune a bakin ƙofar otal da hula a kai, takalma a hannu. Ga wani tsoho ɗan Italiya da matarsa, ga wata Ba'indiya da jikoki uku. Uwar yaran ma na nan, fuska a ɗaure, ta sa mai gadi ya faɗa cewa yau da ita za a je, kuma ita za ta ce a juyo. Bi Kazija ta ce ta yarda, amma fa sai matar ta biya kuɗin kujera kamar kowa. Jikokin Bibi kuwa sai waige-waige suke, suna yi wa mai gadi kwatancen ƙaton ciki da hannu. Da aka nuna musu buhu suka ɓata rai.

Mzee Jecha na zaune a shagon shayi amalanke ya wuce cike da tsofaffi da yara. Ya bi shi da idonsa ɗaya har ya shiga yashi, sannan ya juya wajen Vuai.

"Je ka nemi awaki."

Awaki biyu aka yanka a bikin, naman bai isa ba, har yau Vuai na cewa laifinta ne. Ita kuwa yanzu duk ranar da teku ya janye da safe tana can, kuma ta koyi abin da uwarta ba ta koya mata ba. Da ta ga ruwa ya juyo, ko tsohon ya kai shekara ɗari, ko yana tsakiyar kuka ne, sai ta dafa kafaɗarsa ta daka tsawa, "Kaka, janye ƙafa, mun tafi!"