Gefen Daman Baba

Duk wanda ya shigo gidanmu dubiya a wancan watan, magana ɗaya yake fita da ita: shanyewar ɓarin jiki ce za ta tafi da Baba. Ba ita ba ce. Shanyewa sau ɗaya ta buge shi ta wuce abinta. Abin da ke cinsa kullum, kaɗan-kaɗan, ladabinmu ne. Mu ne muka kwantar da mutum mai rai kwanciyar mai jiran mutuwa, muka koma gefe muna yaba wa kanmu.

A gonar rake ya faɗi, a makon da aka fara yanka. Ɓarin dama ne ya tafi, hannu da ƙafa, baki ya yi nauyi. Ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti. Ranar sallama wata nas ta leƙo baranda ta ce, "Wa zai riƙa kula da shi a gida?" Ni da Inna muna zaune a tabarma da filas da kwanuka. Baffa, ƙanin Baba, shi ya miƙe ya gyara hula ya shiga. Wa kuma zai shiga? Namiji ne, babba ne. Ya daɗe a ciki. Da ya fito Inna ta ce, "Me suka ce?" Ya ce, "A rage gishiri, a riƙa shan magani." Na ga ya linke wata takarda ya tura a aljihun 'yar ciki. Ban tambaya ba. Ni da ke da baki a ko'ina, ranar bakin nan bai buɗu ba.

A gida aka kwantar da shi a ɗakinsa, a kan gado, aka shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa saboda fitsari. Baffa da kansa ya daidaita shi: gefen dama, fuska gabas. Kowa ya san wannan kwanciyar. Ita ake yi wa wanda ake jira. Masu dubiya suka riƙa zuwa daga Paki, daga Saulawa, har abokan cinikin mazarƙwailarsa na Makarfi, kowa ya leƙa sai ya ce, "Masha Allahu, an kwantar da shi daidai."

Ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan." Ban taɓa zama kusa da shi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Don haka aikina a jinyar nan shi ne in dama koko in kawo bakin ƙofa, Inna ta karɓa. Inna ke ba shi a baki, ita ke goge shi iya inda hannunta ya kai. Ɗaga shi kuwa ba ta iyawa, Baba ƙato ne, ita kuma bayanta ya daɗe da lalacewa. Baffa ke zuwa da safe ya ɗan ɗaga shi a zare zanen da ya jiƙe, ya mayar da shi yadda yake. Da yankan rake ya kankama, zuwan ya koma yau da jibi.

A mako na uku na fara jin wari. Na ce, "Inna, ɗakin nan yana ɗoyi." Ta ce, "Warin ciwo ne, rufa mana baki," ta ƙara turaren wuta. Turare ya haɗu da warin ya zama wani abu na uku da ya fi su muni. Abin da ya tsaya mini a rai ƙudaje ne. Daga bakin ƙofa nake ganinsu, ba sa zuwa bakinsa, ba sa zuwa kofin koko. Wuri ɗaya suke taruwa, a gefen zane, daidai inda kwatangwalonsa ya danne katifa.

Wata rana bayan azahar Inna ta fita wanke-wanke, sai na shiga. Ban yi shawara da kowa ba, da na yi da ban shiga ba. Na sa kafaɗa na tura shi baya kaɗan, na ɗage zanen.

Gyambo ne, faɗinsa ya kai murfin gwangwanin madara. Tsakiyar baƙi ƙirin kamar ƙonannen ƙanzo, gefe-gefen ja, yana tsattsafo da ruwa. Shi bai ma san yana da shi ba, ɓarin ba ya ji. Na ɗago kai sai na ga idonsa a kaina. Mako uku ba mu ji kalma ɗaya sosai daga bakinsa ba, amma wannan ta fito tas.

"Fita."

Ban fita ba sai da na ciro waya na ɗauki hoton wurin. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni: ni, na ɗauki hoton jikin ubana. Washegari da safe na ce wa Inna zan je sayo magani, na hau acaɓa sai asibiti.

Na yi ta tambaya har na samo nas ɗin nan. Mace ce gajera, ba ta da lokacin kowa. Ta kalli hoton ta ja shi ya ƙara girma, ta kalle ni.

"Ke wace ce tasa?"

"'Yarsa."

"Ina kike ranar da nake bayani?"

"A baranda."

"A baranda," ta maimaita. "Kullum masu aikin suna baranda. Masu hula su shigo su yi ta gyaɗa mini kai. Zo nan, hau gadon nan."

Na ɗauka wasa take. Ta kwantar da ni a wani gado da babu kowa, ta linke zanen gado biyu ta zura a ƙarƙashina daga kafaɗa zuwa cinya. Ta kira wata abokiyar aikinta, kowa ya kama gefe, suka ja, sai ga ni na juya kamar waina a tanda, ba wanda ya yi nishi. Ta ce nauyin mutum ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa zuwa, naman wurin ya mutu. Duk awa biyu a sauya masa kwanciya, hagu ko rigingine, amma ban da gefen gyambon. Filo tsakanin gwiwoyi. Wani a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar katifa. Leda kada ta taɓa fata. A wanke da ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri ya huce, a rufe da bandeji mai tsabta.

"Ba toka, ba man shanu, ba garin kafso. Na san ku. In kin ga wuri ya yi ja, kada ki murza. Ki ba shi ƙwai da wake. To, maimaita mini."

Na maimaita, na tsallake diddige. Ta ce in sake daga farko. Na ce, "Sista, sauri nake." Ta ce, "Saurin me? Mako uku kuna ina?" Sai da na faɗa daidai sau biyu, na kuma juya abokiyar aikinta da hannuna, sannan ta sake ni. A ƙofa ta riƙe mini mayafi.

"Wannan baƙin ba zai warke a gida ba, sai an cire mataccen naman. Ku kawo shi. In kuwa zazzaɓi ya shiga, ya fara bin jini ke nan, kada ku kwana biyu kuna shawara."

Na dawo na zaunar da Inna na nuna mata hoton. Ta rufe fuska da zane ta daɗe. Ba ta ce don me na shiga ba. Ta tashi ta ɗauko zanen gado.

Mun juya shi hagu. Da sauƙi, kamar yadda aka nuna mini. Amma da ya buɗe ido ya ga bangon yamma a gabansa, sai ya fara wani gurnani, yana jan zanen da hannunsa mai lafiya, hawaye na gangara cikin kunnensa. Na ce, "Baba ku yi haƙuri, awa biyu ne kawai." Ya rufe ido don kada ya gan ni.

Bayan la'asar Baffa ya shigo da baƙi biyu. Ina tsakar gida na ji salatinsa. Kafin in iso sun mayar da shi dama, a kan bandejin da na ɗaura.

"Wa ya ba wa gabas bayan mutumin nan?"

"Ni ce."

"Ke? Me ya shigo da ke ɗakin nan? In rai ya yi halinsa yana kallon yamma, ke za ki amsa?"

"Baffa, ba mutuwa yake yi ba. Ruɓewa yake yi. Ina takardar da aka ba ku?"

Baƙin suka sulale waje. Ya laluba aljihu ya jefo mini ita, duk ta yi ja da goro. Na buɗe. Komai na ciki, har da zanen ɗan mutum a kwance da kibiya tana nuna juyi. Mako uku tana yawo a aljihunsa tsakanin gona da masallaci.

Na ce, "Ba ta gaya muku a riƙa juya shi ba?"

"Ta faɗa." Muryarsa ta sauka. "Ita aikinta take. Ni na ga idon ɗan'uwana, na san abin da na gani. Mahaifinmu a cikin mota ya cika, a hanyar Zariya, ina riƙe da kansa, ba wanda ya san ina gabas take. Shekara nawa abin nan yana cina. Ba za a maimaita mini ba. Ba asibiti, ba mota. A bar shi ya cika a ɗakinsa kamar Musulmi."

Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Wannan ƙauna ce, ban san ta inda ake kama ta ba.

Kwana uku muna haka. In juya, a mayar. Ba Baffa kaɗai ba, duk dattijon da ya shigo ya tarar da shi yana kallon yamma sai ya ga ya sami lada a ɓagas. Na sa ƙararrawa a waya duk awa biyu, ta zama abin dariya a gidan. Matar Baffa in ta ji ta sai ta ce, "Likita, an kira sallar juyi." Na yi kuka a bayan rumbu har na gaji da kaina.

A rana ta huɗu ina shanya zanen gado abin ya faɗo mini. Wai shin dole sai mutumin ne zai juya ya bar gabas? Na kira Inna. Muka zame katifar daga gado zuwa kan babbar tabarma a ƙasa, da shi a kai, muka fitar da gadon tsakar gida. Muka juya shi hagu. Sannan muka kama bakin tabarma muka ja ta, kai ya koma inda ƙafa take. Ga shi a gefen hagu, ga fuskarsa gabas. Ya buɗe ido ya ga tagar da ya saba gani. Bai yi gurnani ba.

Baffa ya zo ya tsaya a kansa ya daɗe. "A hagu kuma?" Na ce, "Da dama da gabas, na samo muku ɗaya. Ɗayar ku bari sai ya warke." Ya yi ƙwafa ya fita, amma bai taɓa shi ba.

Na ɗauka na ci. Kwana biyu ina jin kaina. A na uku da hantsi na je ba shi ƙwai, na taɓa goshinsa, zafi rau kamar murfin tukunya. Na buɗe bandeji. Jan ya bazu ya wuce inda yake, ruwan ya koma rawaya. Juyin ya hana sabon gyambo fitowa, amma bai taɓa tsohon ba, kuma an gaya mini haka, ni ce na so in manta.

Inna ta ce a jira Baffa ya dawo daga gona. Na san amsarsa. Na durƙusa a gaban Baba, daidai fuskarsa, inda ban taɓa durƙusawa ba tun da aka haife ni.

"Baba, akwai gyambo a jikinku, ya fara shiga jini. In aka bar ku a nan, shi zai kashe ku, ba shanyewa ba. Ina so in mayar da ku asibiti. Wayar nan tawa tana nuna alƙibla ko a ina mutum yake. Zan zauna kusa da ku a mota, in hanya ta karkata in karkata muku fuska. Ba zan bari ku ɓace wa gabas ba."

Ya kalle ni. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Amma bai ce fita ba.

Na tashi na ce wa Inna ta haɗa filas da zannuwa. Akwai mai a-kori-kura a unguwarmu da ke kai mazarƙwaila kasuwa, motarsa na gida ranar. Na yanke cewa shi zan fara nema, a shimfiɗa katifar a baya yadda take. Daga nan in bi ta gonar rake in gaya wa Baffa da bakina, a gaban masu yanka, cewa kafin azahar za mu tashi, akwai wuri a gaban mota in yana so, in kuma tsinuwa ce ya yi ta a kaina ni kaɗai. In mun isa kuma aka leƙo baranda aka ce wa ke kula da shi, ko da Baffa ko babu, ni zan miƙe.

Na ɗauki mayafi na duba cajin waya. Saura rabi. Zai kai mu.