Mutumin da Ya Toshe Bakin Zaki

Kafin motar madara ta gama hawan tudu, Alwyn Tudge ya riga ya isa Bakin Zaki da bokiti da burushi. Wani kan zakin dutse ne da ruwan tsauni ke zubowa ta bakinsa, saboda shi aka gina otal-otal ɗin garinmu, zamanin da masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka. Otal-otal ɗin sun zama gidajen tsofaffi, ruwan kuwa bai tsaya ba. Alwyn zai kankare gansakuka, ya kwashe ganye daga magudana, ya tara tafinsa ya kurɓa. Sannan ya haura zuwa idon ruwan, can inda tumaki ke kiwo. Haka yake yi tun gashinsa na baƙi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ƙi.

Masu zuwa da jarkoki sun san shi da barbaɗa gishiri a matakala ranar da ƙanƙara ta kama. Amma ba da wannan ake tuna shi ba.

Kowane watan Mayu muna bikin ruwa. Mata su ƙawata zakin da furanni, wanda ya fi kowa tsufa a gari ya sha kofin farko, sai a ɗiga wa jariran shekarar a leɓe. Shekarar da nake magana, kofin ya faɗo kan Beryl Hodgetts, bayan rasuwar Mabel da ta daɗe tana riƙe da shi.

Ranar bikin an wayi gari bayan ruwan sama mai ƙarfi. Alwyn ya kurɓa kamar kullum, ya haura, ya tarar da mushen tunkiya ya kumbura a cikin idon ruwan. Ya janye shi, ya gangaro da gudu. 'Yan badujala sun fara busa, iyaye sun jeru da jarirai. Ya ratsa su, ya cusa guntun katako a bakin zakin, ya tsaya a gabansa.

Beryl ta matso da sandarta, kofi a hannu.

"Alwyn, cire abin nan."

"Akwai mushe a sama, Anti Beryl."

"Ina shan ruwan nan da tumakinsa tun kana cikin tsumma."

"Ke kin saba. Su fa?" Ya nuna jariran.

"Ka san daɗewar da na yi ina jiran Mabel ta mutu? Kana ganin zan kai baɗi?"

Bai matsa ba. Shugaban kwamitin biki ya kawo ruwan gora, Beryl ta ce ba ta sa hular coci don ta sha ruwan kanti ba. Wani daga baya ya ce mai wanke zaki ya zama likita. Taro ya watse, shi kuwa yana nan tsaye har rana ta faɗi.

Mutum ɗaya ne ya kwanta ciwo a garin, shi ne Alwyn. A mashaya aka ce giya ce ta yi masa yawa. Duk bazarar nan shi kaɗai yake zama a teburinsa.

Alwyn, kai ne ka tsaya gaban mutanen da ka tashi a cikinsu, ka hana su abin da suke so, ka san ba za a gode maka ba, don ciwon da aka tare ba ya barin shaida. Jariran nan yanzu suna makaranta. Ba su san sunanka ba.

Beryl ta kai baɗi, ta kai ta bayanta, har yau kofin yana hannunta. Ba ta gaishe shi a hanya. Amma kowane Mayu, kafin ta sha, sai ta miƙa masa.

"Ɗanɗana tukuna. In ka faɗi, mu fasa."

Mun gode, Alwyn. Wanda zai gaji bokiti da burushi, ya duba bayan ƙofar rumfar kaya. Guntun katakon yana rataye a ƙusa. Kada ya manta ya haɗa da shi.