Allon Da Ban Gani Ba A Mokolo

Briqueterie, ƙarfe shida saura kwata

Bayan sallar asuba muka fito, ni da 'yata Hadiza, za mu Etoudi sayen ragon sunan jikana. Wata bakwai ke nan ban taɓa sitiyari ba, tun da likita ya ce idanuna sun yi rauni. Ban yarda da shi ba. Na ce Hadiza ta ja motar, ni in riƙe takarda da biro. Sharaɗi ɗaya: kuskure uku, in karɓe makullina. Lasisinta bai cika wata biyu ba.

Etoudi, shida da kwata

Kilomita takwas, rabin awa. Ɗan sanda ya tsayar da mu, ya duba takardu, ya ce, "Alhaji, ka samu direba." Na karɓi takardun, muka wuce. Kuskure na ɗaya, ta manta sigina. Na biyu, birki da ƙarfi. Muka sha kunu da ƙosai, aka ɗaure rago a bayan mota.

Mokolo, takwas da minti goma

Mahaifiyarta ta ba da saƙon albasa da citta. Da muka iso kasuwar, na nuna layin masu tumatir, inda na shekara talatin ina bi.

"Shiga nan."

"Baba, ba a shiga."

"Ni za ki koya wa Mokolo?"

"Akwai allo. Ja ne, da farar sanda a kwance."

Allon nan ni na koya mata shi: duk layin da yake tsaye a bakinsa, motoci fitowa suke yi, ba a shiga. Na ɗaga kai, ban ga komai ba sai dishi-dishi. Na rubuta na uku: gardama.

Ta faka, ta zagayo ta buɗe mini ƙofa, ta kama hannuna. Taku goma sha biyu na ƙirga kafin jan ya bayyana. Farar sandar kuwa sai da na kusa taɓa ƙarfen. Muna tsaye wata babbar motar ayaba ta fito daga layin, ta cika shi bango da bango.

"Sabo ne, Baba," in ji ta a hankali. "Mutane ba su saba da shi ba."

Na shafa ƙarfen, duk tsatsa. Sai na tuna bara, yadda ake ta yi mini hon a layin nan, ina cewa mutanen gari sun lalace.

Gida, tara da rabi

Zagayen da muka yi don kauce wa layin ya ƙara mana kilomita ɗaya. A ƙofar gida ta miƙo makulli da hannu biyu. Na soke na ukun a gabanta.

"Biyu ne. Riƙe. Ranar Juma'a ƙarfe sha biyu za ki kai ni masallaci, kada ki makara."

"To, Baba."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya maido mu lafiya, Ya kuma bar mini idanu masu gani a cikin gidana.